Ceto Muryoyi Daga Tsofaffin Fayafai a Hayyin Ashir

Hayyin Ashir, da ke cikin Madinatu Nasr a gabashin Alƙahira, unguwa ce ta baƙi. 'Yan Najeriya da Nijar, 'yan Sudan da Somaliya, 'yan Indunusiya da Malesiya duk suna haya a benayenta, da yawansu kuma Jami'ar Azhar ce ta kawo su. In ɗalibi ya kammala zai koma gida, jakarsa ba ta ɗauke komai, sai littattafai da tukwane da fanka su zama gadon na baya. Cikin irin wannan gado akan tarar da kwalin fayafan CD: ƙira'ar Husari da Minshawi da Abdulbasiɗ, tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wani lokaci har da Shata da Ɗanƙwairo da aka taho da su don rage kewar gida.

Waɗannan fayafai suna tsufa. Wanda ya ɗaga ɗaya ya kara shi da hasken taga zai ga zane-zanen karce, wani ma fentin bayansa ya fara ɓarewa har haske na ratsawa. Waɗanda aka ɗura wa sauti a shago sun fi saurin lalacewa, domin rinin da ke riƙe da bayanansu ba ya jure zafi da rana, ga shi kuma bazarar Masar ba ta wasa. Sababbin kwamfutocin hannu ma sun daina zuwa da gidan faifai. Mafita ita ce a kwashe sautin tun yana karantuwa, kuma a kwashe shi daidai.

Nan aikin yake. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara faifan sauti a 1980, ya shiga kasuwa a 1982. An yanka kowace daƙiƙa ta sauti gida 75, kowane gida na ɗauke da bayit 2,352. A faifan ajiyar bayanai, 2,048 kawai ake bai wa bayanan, sauran na adireshi ne da ƙarin gyaran kuskure. Faifan sauti kuwa duk gidan ya bai wa sauti. Saboda haka in na'ura ta zo kan karce ta kasa karantawa, sai ta ƙiyasta abin da ya ɓace daga na gabansa da na bayansa, ta wuce ba tare da ta faɗa wa kowa ba. In ɓarnar ƙarama ce kunne ba zai ji ba. In babba ce, sai a ji ƙas-ƙas ko tsalle a tsakiyar aya, kuma duk wanda aka tura wa wannan kwafi ya gaji aibin.

Wani ɗalibi Bajamushe, Andre Wiethoff, shi ya fitar da manhajar Exact Audio Copy a 1998 don magance wannan. Tana karanta kowane gida aƙalla sau biyu, in karatun ya saɓa ta sake, ta kuma sakewa, har sai amsa ta tsaya. A fuskar kwamfuta akwai wasu 'yan ɗakuna da ke yin ja idan ta shiga wurin da ya karce, sai a ji faifan ya rage gudu. Faifai mai lafiya mintoci kaɗan ne, mai rauni kuwa yana iya cin sa'o'i. Masu Linux suna da cdparanoia, masu Mac kuma XLD.

Akwai kuma rumbun AccurateRip, wanda ke kwatanta lambar tantancewar kowace waƙa da ta mutanen da suka kwashi irin wannan faifai a wasu ƙasashe, tamkar alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ya kai wa 'yan'uwansa su bi shi harafi-harafi. Sai dai faifan da aka ɗura a shagon Kano ko Maraɗi da wuya a same shi a rumbun. A nan dabarar ita ce a kwashe sau biyu, in da hali da na'urori biyu, a ga ko lambobin sun yi daidai.

Wasu fayafan kuma da gangan aka kulle su. Daga farkon shekarun 2000, manyan kamfanonin waƙa sun riƙa cusa jadawalin ƙarya ko kurakurai na ganganci, yadda rediyo mai faifai zai wuce su amma kwamfuta ta rikice. Philips ya ce irin waɗannan ba su cika ƙa'idar CD ba. A 2002 aka gano cewa kullen Key2Audio na Sony yana buɗewa in an zana layin maka a gefen faifai. A watan Oktoban 2005 wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya tona cewa fayafan Sony BMG na dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar mai sauraro, wadda ke buɗe ƙofa ga masu kutse, har kamfanin ya janye su daga kasuwa. Cikin 'yan shekaru aka watsar da tsarin, amma fayafan na nan suna yawo a hannun masu gwanjo. Duk faifan waƙar da ya nemi a girka masa wata manhaja kafin ya yi, kada a amince masa.

Ajiya ma tana da nata hukunci. Minti ɗaya na sautin CD ya kai kusan megabayit 10. Tsarin ajiya na MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin har abada, na FLAC kuwa, da ya fito a 2001, yana matse shi zuwa kusan rabi ba tare da ya rasa komai ba. Uwar ajiya ta zama FLAC, daga ita a fitar da MP3 na waya. A rubuta sunan makaranci ko mawaƙi da sura ko waƙa tun a lokacin.

Doka kuma na nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Masar mai lamba 82 ta 2002 ta tanadi hukunci ga mai sayar da kwafi ba izini da mai karya kulle da mugun nufi. Adana abin da mutum ya mallaka daban, satar fasaha daban.

Ƙira'ar Husari, wanda ya fara naɗar Alƙur'ani sukutum da tartili a 1961, ba ta cikin haɗarin ɓata. Abin tsoro shi ne karatun malamin unguwa, ko wasan da Shata ya yi a wani biki, wanda wataƙila faifai ɗaya ne ya rage. Ɗaliban Hayyin Ashir da ƙungiyoyinsu su nemi na'urar karanta faifai mai USB, su fara da irin waɗannan, su ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ɗaya kuma a aika da shi gida.