Motar da ba ta fita sosai: yaushe za a yi mata juye?

Yau maganar mota za mu yi, amma ba motar haya mai zirga-zirga kullum tsakanin Jega da Birnin Kebbi ba. Ina nufin wadda ke kwance a gida an lulluɓe ta da tampol.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, irin waɗannan motoci sun yawaita. Malami a jami'ar Aliero ya koma hawa mashin, ma'aikaci a Maiyama ba ya fito da tasa sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure. Sai ka ji mutum yana cewa, "To ni motata ko kilomita 1,000 ba ta yi ba tun bara, juyen me zan yi mata?"

Amsata a taƙaice: za ka yi mata juye, amma ba kowane wata ba.

Kamfanonin mota ma'auni biyu suke bayarwa, tafiya da lokaci, kuma duk wanda ya riga cika da shi ake aiki. Galibi in baƙin mai na gama-gari ne, kilomita 5,000 ko wata 6. In kuma mai tsadar nan ne da ake kira sintetik, yana kai kilomita 10,000 ko shekara ɗaya. Mu dai lambar tafiyar muke riƙewa, mu manta da watannin. A kula kuma, motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Kada ka ga 5,000 a mita ka ɗauka kilomita ce, alhali ka yi 8,000.

To me ke lalata mai alhali motar ba ta aiki? Duk lokacin da ka tada inji yana sanyi, ɗan fetur da tururin ruwa suna sulalewa ta gefen fistin su gangara cikin man. In ka yi doguwar tafiya, man zai yi zafi sosai, kusan digiri 100, ya ƙone su su fice. In kuwa daga gida ne zuwa kasuwar Jega ka kashe, ba su samu fita ba. Haka za su yi ta taruwa, fetur ya tsinka man, ruwa ya haɗu da dattin hayaƙi ya zama asid mai cin ƙarfe, daga baya ya koma wani baƙin kunu mai toshe hanyoyin mai.

Shi ya sa nake cewa motar da ake yi wa gajeriyar tafiya ta fi wadda ke ajiye gaba ɗaya wahala. Wannan ɗabi'a ta tada mota kowace safiya a bar ta tana kuka minti 5, wai ana ɗumama ta, ba taimakonta ake yi ba. An ƙona fetur, an ƙara wa mai datti, ko batirin ma bai samu cajin kirki ba.

Sannan ga yanayinmu. Gaskiya ba mu da irin sanyin Turai da ke tara ruwa a inji, amma muna da namu: ƙurar hunturu, zafin bazara da ke wuce digiri 40, da laimar damina. Littafin mota, na Toyota misali, yana sa hanya mai ƙura cikin aikin wahala, ya rage wa'adin juye. Wanda ke shiga ƙauyukan Maiyama ta hanyar burji yana cikin wannan layin.

Ga abin da nake ba da shawara. In sintetik na gaske ka zuba kuma motar ba ta shan ƙura, sau ɗaya a shekara ya isa, ko da ba ta yi tafiyar kirki ba. In na gama-gari ne, ko gajeriyar tafiya ce aikinta, duk wata 6. Ka canza filta tare da man, don tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai. Ka zuba lambar da aka rubuta a murfin inji ko a littafi. In an ce 5W-30, kada a ce maka ai 20W-50 ya fi kauri. Man awo na bakin titi kuwa, wanda ba ka san asalinsa ba, araha ba ta ado.

Duk sati biyu ka fitar da ita ta yi gudu na minti 20 zuwa 30. Daga Jega ka je Aliero ka dawo, shi ke nan. Sau ɗaya a wata kuma ka zaro geji ka duba. Baƙin launi kaɗai ba shi ne lalacewa ba. Amma in ka ji ƙaurin fetur, ko man ya ƙaru da kansa, ko ya koma kalar shayi da madara, maza wurin bakanike.

Masu motocin ɗaukar albasa a Aliero, ku ma da ku nake. In kaka ta wuce za a ajiye mota, a yi juye kafin a ajiye, kada ta kwana watanni da tsohon mai a cikinta. Haka injin ban-ruwa, haka janareta.

Na san kuɗi sun yi wuya. Amma kwatanta kuɗin galan ɗaya da filta da kuɗin sauke injin da ya buga. Wanda ya ƙi sharar masallaci, ai zai yi ta kasuwa.

Kafin ka kwanta yau, tambayi kanka: a wane wata na yi juyen ƙarshe? In ka kasa tunawa, to lokaci ya yi. In an yi sabo kuma, ka rubuta ranar da lambar mita a takarda ka liƙa a jikin ƙofa.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mana hanya.