Kayan faci biyar da ke raba ma'aikacin Manchok da tura keke

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin zuwa aiki ya sauya. Litar da ake sha a ƙasa da naira 200 ta kai naira 617 a Abuja cikin Yulin shekarar, ta kuma haura naira 1,000 a Oktoban 2024. Ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin mota da na babur sun koma abokan rabon albashi.

A gari irin Manchok, mazaunin masarautar Moro'a a ƙaramar hukumar Kaura ta kudancin Kaduna, mafita mafi kusa ita ce keke. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Kafanchan ta bi ta Kagoro, ta hau tsaunukan Filato zuwa Vom da Jos. Malamin firamare ko ma'aikacin asibitin da aka tura wani ƙauye yana iya kai kansa aiki ba tare da ya sayi ko ɗigon mai ba. Sai dai wannan rangwame ya rataya ne a kan siririyar robar da ke cikin taya, wadda ƙaya ɗaya ko tsohuwar ƙusa ke iya hudawa.

Kiran a koma ga keke ba sabo ba ne a kunnen ma'aikatan tarayya. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya riƙa hawan keke zuwa aiki a Abuja domin ya zama abin koyi, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata. Darasin da aka fi tunawa daga wannan lamari shi ne rashin hanyar da aka keɓe wa masu keke a birni. A karkara kuwa matsalar ta bambanta: cunkoso kaɗan ne, amma mai faci yana cikin gari, tayar kuma ba ta zaɓar inda za ta sace. A yankin da ya sha fama da hare-hare, tura keke a bakin daji bayan faɗuwar rana ya wuce batun makara kawai.

Abin da zai fitar da mahayi daga wannan hali bai fi abubuwa biyar ba, dukkansu kuma ana samunsu wajen masu kayan keke a kasuwa.

Na farko famfo ne, domin faci ba tare da iska ba aikin banza ne. A nan ne masu saye suka fi yin kuskure, saboda bawul iri uku ne. Manyan kekuna irin su Raleigh da Phoenix galibi suna da bawul ɗin Dunlop, wanda ya ari sunan John Boyd Dunlop, likitan dabbobin da ya yi wa tayar iska rajista a 1888. Kekunan gwanjo masu kaurin taya sun fi zuwa da bawul irin na mota, kekunan tsere kuma da siriri mai suna Presta. Wanda ya tafi kasuwa da kekensa ya gwada famfon a gaban mai kaya ya huta da dawowa.

Na biyu tiyub ne na ko-ta-kwana. Girmansa yana rubuce a gefen taya: 28 x 1½ ga manyan kekuna, 26 ga yawancin na gwanjo. Sauya tiyub a hanya ya fi saurin faci, musamman da damina, lokacin da jiƙaƙƙiyar roba ba ta karɓar manni. Wanda ya huje sai a naɗe shi a gyara a gida.

Na uku su ne faci da sholisho da guntun samfefa. Sholisho na musamman ne, yana haɗa robar faci da ta tiyub su zama jiki guda. Gam ɗin da ake liƙa takalmi ko fasasshen kofi da shi yana bushewa ya yi tauri, ya tsage da zarar an ba taya iska. Ƙaramin mazubi ya fi babba amfani, domin wanda aka buɗe yakan ƙafe cikin 'yan watanni. Akwai kuma abin lura ga magidanta: sholisho yana cikin abubuwan da matasa ke shaƙa don maye, don haka mazauninsa jakar keke, nesa da hannun yara.

Na huɗu libar cire taya, guda biyu ko uku. Masu amfani da sukundireba ko bakin cokali sukan tsaga tiyub ɗin da suke neman ceto. Na biyar sifana mai lamba 15, wadda ke kwance notin ƙafar yawancin kekuna. Araha ba ta ado: sifanar da bakinta ya buɗe a juyin farko tana cinye kan noti, ta bar mai ita a tsaye.

Mallakar kayan rabin aiki ne, sauran rabin iyawa ce. Ana ba tiyub iska a saurari inda yake tsiyaya, ko a tsoma shi cikin ruwa a ga kumfa. A kankare wurin da samfefa, a shafa sholisho sama-sama, a jira kamar minti biyar har ya daina sheƙi, sannan a ɗora faci a danne da ƙarfi. Gaggawar ɗora faci a kan ɗanyen sholisho ita ce ke sa ya ɓalle kafin a kai ofis. Kafin a mayar da tiyub, a bi cikin taya da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta yi ɓarnar takan maƙale tana jiran ta sake. Idan aka ga huji biyu gefe da gefe, alama ce ta ƙarancin iska: ƙarfen wili ne ya matse tiyub a kan dutse ko bakin rami. Ga manyan kekuna masu murfin kaca, ba sai an cire ƙafar baya ba; ana iya zaro ɓangaren tiyub ɗin da ya huje a yi facin a nan.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata sabon mahayi ya zauna da mai facin unguwarsu ya ga yadda ake yi, ya kuma gwada da hannunsa a tsakar gida kafin hanya ta tilasta masa. Wannan ba zai raba mai faci da sana'arsa ba, domin daidaita wili da gyaran birki da sauya taya duk suna nan suna jiransa.

Ga masu tsara manufofi a Abuja ma akwai abin dubawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta daɗe tana kwaɗaitar da jama'a hawan keke. Duk shirin da zai raba wa ma'aikatan karkara kekuna, ko ya ba su rancen saye, ya dace ya haɗa da famfo da tiyub da kayan faci, tare da koyar da amfani da su. In ba haka ba, keken da aka raba da biki zai ƙare jingine da bangon zaure tun hujin farko, mai shi kuma ya koma biyan ɗan acaɓa.