Daga Ƙanƙara Zuwa Badagiri: Cin Amarci A Bakin Teku

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu ɓoye littattafan soyayya cikin jaka. Na san kun sha karanta yadda ango ke ɗaukar amarya a jirgi, sai ga su a bakin teku suna ta shan iska. To ni dai na je na gani, kuma gani ya kori ji, don haka ku gyara zama.

Mu a ƙasarmu, tun daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, amarcin da muka sani a ɗaki ake cinsa. A kai amarya, a sayi baki, a yi buɗar kai, a kawo gara, ita kuwa tana ƙunshe cikin turaren wuta ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Shi ya sa da maigidana ya ce zai tafi da ni kudu wata guda bayan biki, sai da gida ya ɗauka. Inna, mahaifiyarsa, ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga ikon Allah! Lallen ƙafarta bai goge ba za ka kai ta ruwan aljanu?" Da ƙyar ya lallashe ta da cewa can kasuwancinsa yake, yana kai wake ya sayo kwakwa.

Muka hau mota a Funtuwa, muka ƙetare Kwara a gadar Jebba, muka wuce Ilori da Badun har Ikko. Daga nan muka miƙi hanyar yamma zuwa Badagiri, dab da iyakar Seme da ake shiga ƙasar Binin. Duk tsawon hanyar nan ni babu abin da nake zanawa a raina sai otel mai bene da na'urar sanyaya ɗaki.

Ashe ɗaki guda ne a gidan fatomansa, cikin unguwar Hausawa, da katifa da fanka da gidan sauro. Wallahi sai na ji hawaye. Ga zufa ta addabe ni, ga wanki ba ya bushewa saboda laimar iska, ga ƙarnin kifi ko'ina. Na ƙi cin abinci, na juya masa baya. Bai yi faɗa ba. Sai ya ɗauko ɗan littafin da yake rubuta cinikinsa ya buɗe mini, ya ce, "Amarya, duba nan. Abin da ya rage bayan lefe da sadaki ke nan. Zan iya cin bashi in kai ki otel, amma mu biyu za mu kwana da bashin shekara guda. Ke za ki zaɓa." Kunya ta kama ni. Ranar na fara sanin irin mutumin da na aura, abin da wata shida na zance a zaure bai nuna mini ba.

Washegari muka shiga gari. Badagiri tsohon gari ne na Egun da Yarbawa, kwakwa kuwa kamar yadda muke da darbejiya. Ya nuna mini benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Muka shiga gidan Seriki Abass, wanda aka taɓa sayarwa bawa, ya dawo shi ma ya shiga fataucin bayi, ya rasu a 1919. Da na ga ƙananan ɗakunan da ake cusa mutane da sarƙoƙin da ake ɗaure su, sai na daina ƙorafin ɗakinmu.

Ruwan da ke gaban garin kwance yake lumui, ba shi ne tekun ba. Sai an shiga kwalekwale an haye tsibirin Gberefu, a taka yashi da ƙafa ta hanyar da ake kora bayi zuwa jiragen Turawa, sannan a iske tekun Atilantika. Ni da ban san ruwan da ya wuce dam da rafin damina ba, sai ga ruwa iyakar ganina, yana ruri yana tasowa kamar zai haɗiye ƙasa. Na ƙanƙame hannunsa ina salati, ni da a gida ko haɗa ido ba ma yi gaban mutane. Igiyar ruwa guda ta zo ta tafi da takalmina na lefe ƙafa ɗaya. Muka yi ta dariya, muka zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa muna shan ruwanta da gasasshen kifi, muka yi hirar da ba mu taɓa samun sararin yi ba: ta karatuna da nake son ci gaba da shi, da zama da dangi, da yadda za mu riƙa tattalin ɗan abin da muka samu.

Ga mai shirin zuwa, ki zaɓi rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin ruwan Yuni a can ba ya ɗagawa. Ki riƙe kaya marasa nauyi da mayafinki da gidan sauro. Kada ki yarda ki shiga ruwan ko da kin ga yaran garin suna wasa ciki, yana da ja ta ƙasa, kuma iya ruwa fidda kai. Uwa uba, a tafi da yardar iyaye.

Amma don Allah 'yan mata kada ku mai da wannan sharaɗin aure, ku jefa ɗan mutane cikin bashi don kawai a ce an je. Abin da na samo a Badagiri shi ne kwana bakwai daga ni sai shi, babu ƙawa mai zuga, babu mai leƙe. Wanda ba shi da halin teku, ko Katsina ya kai ki kwana biyu kun samu wannan.

Inna kuwa kwakwa biyar na kawo mata tsaraba, har yau in ta gan ni sai ta ce, "Amaryar ruwa, ina ɗaya takalmin?"

Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, ya ba 'yan baya mazaje na gari, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.