Sabon Jarumi na Kuɗi a Wasan Kwamfuta: A Saya ko A Haƙura?

Duk wanda ya daɗe yana buga wasan kwamfuta ya san wannan lokacin. Kana tsakiyar yaƙi, sai talla ta faɗo a allo: ga sabon jarumi, da makamai masu ƙyalli da dabarun da naka ba shi da su, amma sai ka biya. A ɗakinmu na kwanan ɗalibai mun yi kusan mako guda muna musu a kan wannan, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku zancen, ƙannenmu na sakandare.

A wasannin almara irin na takubba da dodanni, ba a fara wasa sai an zaɓi rukunin jarumi. Wani mai ƙarfi ne, yana shiga tsakiyar abokan gaba da gatari. Wani maharbi ne, daga nesa yake aiki. Wani kuma da tsafi yake faɗa. Rukunin da ka zaɓa shi ke nuna yadda za ka buga wasan tun daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki misalin Diablo III, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2012 da rukuni biyar. A 2014 aka fitar da babban ƙari mai suna Reaper of Souls, ya zo da jarumi na shida, Crusader, tare da sabon babin labari. A 2017 kuma aka fitar da na bakwai, Necromancer, a kan dala 14.99. Shi wannan bai zo da sabon babin labari ba: jarumin ne da 'yan kayan ado da ƙarin gurbin ajiye jarumai. Kuma ba ya aiki sai kana da ƙarin 2014 ɗin tukuna. Haka The Elder Scrolls Online ya fito a 2014 da rukuni huɗu, daga baya aka ƙaro Warden a 2017, Necromancer a 2019, da Arcanist a 2023, kowanne a cikin ƙarin da ake saya.

Masu cewa a saya suna da hujja. Sabon jarumi yana mayar da tsohon wasa sabo. Warden, alal misali, yana iya kiran wata ƙatuwar dabbar daji ta taya shi faɗa, wanda ya saba da takobi kuwa sai ya koyi wasan daga tushe. Ga wanda ya ƙure duk rukunonin da ke hannunsa kuma har yanzu yana son wasan, kuɗin ba su tafi a banza ba. Su ma masu zane da masu tsara wasan aiki suka yi, dole a biya su.

To amma mu yi lissafi irin na gida. Idan dala tana kan naira 1,500, dala 15 ta kama naira 22,500. Ku auna wannan da kuɗin tara na wata guda, ko littafin tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ko kuɗin data. Sannan da muka tambayi kanmu, mu huɗu a ɗakin, babu wanda ya taɓa kai wasan ƙarshe da jarumai fiye da biyu. Ashe akwai waɗanda muka riga muka mallaka, ko taɓa su ba mu yi ba, muna kwaɗayin wani. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Akwai kuma ribar haƙuri. Sau da yawa kamfani yakan haɗa wasan da duk ƙarinsa a ƙunshi ɗaya, kamar Eternal Collection na Diablo III, kuma ana yawan karya farashi a lokutan bukukuwa. Wasu wasannin ma kyauta suke ba da sabon rukuni, kamar yadda Diablo Immortal na waya ya yi da Blood Knight a 2023.

Mun san yawancinku a waya kuke wasa, inda ake sayen jarumai da lu'ulu'u kamar a Free Fire. Tambayoyin duk ɗaya ne. Na gama da abin da nake da shi? Sabon jarumin zai canza yadda nake wasa, ko kaya kawai ya sauya? Zan ci gaba da buga wasan nan bayan wata uku? Kuɗin nawa ne, kuma iyayena sun sani? Wannan ta ƙarshe ba ta da sassauci: ɗaukar katin banki na Baba ko Mama ba da izininsu ba cin amana ne, ko da naira ɗari ce.

Mu dai a ɗakinmu mun yanke shawarar ba za mu saya ba sai mun ƙure jaruman da ke hannunmu. Yanzu muna kan na uku, kuma jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, don haka mun ajiye wasan sai an yi hutu.