Yadda sukuwa ta kai doki kan gwala-gwalan Faransa

Idan ka duba tsofaffin kayan ƙawa na zinare da ake gwanjonsu a Paris, musamman na ƙarni na 19, zai yi wuya ka rasa doki a ciki. Wani fil ne mai siffar likkafa, wani kuma bulala ce da aka naɗe, amma wanda ya fi yawa shi ne ƙarfen kofato da aka jera wa ƙananan lu'ulu'u.

Tushen abin sukuwa ce. Attajiran Faransa sun kwaikwayo tseren dawaki daga Ingila, suka kafa ƙungiyar Jockey Club a Paris a 1834, sannan aka buɗe filin sukuwa na Longchamp a 1857, zamanin Napoleon na Uku. A 1865 wani dokin Faransa mai suna Gladiateur ya je har Ingila ya lashe gasar Derby, Faransawa suka ɗauki hakan tamkar ramuwar kashin da suka sha a yaƙin Waterloo. Zuwa filin sukuwa ya zama wurin nuna isa, maƙeran zinare kuwa ba su yi sake ba. Turawa na camfa ƙarfen kofato da kawo sa'a, don haka har wanda bai taɓa hawa sirdi ba yana maƙala shi a ƙirji.

Kamfanin Hermès ma, wanda yau mata ke rububin jakunkunansa, da linzami da ragama ya fara a 1837.

Sai dai dokin da ya fi amfani ga mai saye ba ya cikin adon. Daga 1838 zuwa 1919, ofisoshin tantance zinare da ke wajen Paris suna buga ɗan tambarin kan doki a jikin ƙananan kayan zinare mai karat 18, Paris kuma tana buga kan gaggafa. Bayan 1919 gaggafar ta game ƙasar baki ɗaya. Ke nan kan doki na nuna shekarun kaya fiye da yadda gaggafa za ta nuna, tunda har yau ana buga ta. Tambarin ƙanƙane ne ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, galibi a jikin allura ko maɗauri. Kusa da shi akan sami tambarin maƙerin, mai siffar daiman, ɗauke da haruffan sunansa.

Siffar kofato ba ta da wuyar kwaikwaya, shi ya sa dillalai ke fara juya kayan su duba bayansa kafin a soma ciniki.