Rapa Nui: tsibirin da kakanni na dutse ke gadin jikokinsu

Daga Santiago, babban birnin ƙasar Shili, sai da jirgi ya yi kusan awa 5 bisa ruwa kafin ya sauke mu a Rapa Nui, tsibirin nan da aka koya mana a lakkwal da sunan Île de Pâques. Nisansa daga gaɓar Shili ya wuce kilomita 3.500, kuma gari ɗaya ne tak a cikinsa, wato Hanga Roa. Abin da ke kai jama'ar duniya can shi ne manyan mutum-mutumin dutse kusan 900 da ake kira moai, waɗanda ƴan asalin wurin, mutanen Polineziya, suka sassaƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Mun fara da Ahu Tongariki, inda moai 15 ke tsaye a jere bisa wani dogon dakalin duwatsu. Irin wannan dakali shi ake kira ahu. Dukkansu sun juya wa teku baya, suna duban cikin tsibiri, domin kowane ɗaya yana wakiltar wani kaka ko shugaba da ya rasu, an tsayar da shi ya riƙa lura da zuriyarsa. A cikin dakalan da yawa an samu ƙasusuwan mutane. Ke nan maƙabarta ce, shi ya sa aka hana baƙo hawa ko taɓawa. A 2008 wani ɗan yawon buɗe ido daga Finland ya ɓalle kunnen wani moai, aka ci shi tarar dala 17.000. A ganinmu ma an yi masa sauƙi.

Shi kansa Tongariki gyara ne: igiyar ruwa ta tsunami ta 1960 ta watsar da dakalin, sai cikin shekarun 1990 aka sake tayar da shi da taimakon Japan.

Can kusa akwai dutsen Rano Raraku, inda aka sassaƙa galibinsu. Kusan 400 suna nan har yau, wasu ƙasa ta binne su har wuya, wasu a kwance ba a gama su ba, cikinsu har da wani mai tsawon mita 21. To, yaya aka kai dutse mai nauyin tan 12 ko fiye har bakin teku, babu doki babu raƙumi? Tsofaffin tsibirin cewa suke da ƙafarsu suka taka. An daɗe ana ɗaukar maganar tatsuniya, har zuwa 2011 lokacin da masana biyu, Terry Hunt da Carl Lipo, suka sa mutum 18 da igiya 3 suka tafiyar da kwafin moai a tsaye, ana karkata shi dama da hagu.

An sha faɗa mana cewa mutanen nan su suka hallaka kansu, wai sun sare itatuwa sun afka wa juna. Daji kam ya ƙare, amma binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2024 bai ga alamar rushewar jama'a ba kafin zuwan Turawa, wanda ya fara da Jacob Roggeveen ɗan Holand a 1722. Masifar daga waje ta zo. A 1862 masu farautar bayi daga Peru suka far wa tsibirin, suka kwashe mutum wajen 1.500, ƴan kaɗan da aka maido kuma suka zo da cutar agana. Zuwa 1877 mutum 111 suka rage. Shili ta haɗe tsibirin a 1888.

Jikokin waɗannan 111 ne suka karɓi ragamar kula da wuraren tarihin a 2017, ta hanyar ƙungiyarsu Ma'u Henua. Aikin ba ƙarami ba ne: dutsen mai laushi ne, ruwan sama da iskar gishiri na cinsa, gobarar watan Oktoba 2022 kuma ta ƙona moai da dama a Rano Raraku. Akwai kuma wanda ake kira Hoa Hakananai'a, da sojojin ruwan Ingila suka ɗauke a 1868. A 2018 tawagar tsibirin ta je har Landan neman a maido shi, amma yana nan a gidan tarihin British Museum.