Makarantar Gari da ta Ƙauye: Wace Ce Ta Fi?

Kowace shekara, da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, sai ka ji iyaye suna cewa makaranta kaza ta fi makaranta kaza. Mu da za mu fita koyarwa lalle ne mu san yadda a ke wannan awo, gama da shi a ke yabon malami, da shi kuma a ke kushe shi.

A shekarun 1950 gardamar tsakanin makarantar En'e ce da ta Mishan. Waɗansu malamai daga Toro suka fito, waɗansu daga Gindiri, inda Mishan ta S.U.M. ta kafa makarantar horo a 1934. Bayan da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, sai aka shiga gwada makarantun gwamnati su ya su.

To, mu ɗauki biyu: ɗaya a unguwar Ali Kazaure cikin Jos, ɗaya a wani ƙauyen Berom wajen Vom. Manhajarsu ɗaya ce, amma yaran ba daga wuri ɗaya suka tashi tseren ba. Yaron Ali Kazaure da Hausa ya tashi, malaminsa kuwa galibi yana jinta. In Turanci ya cije, sai a juya masa da Hausa, ya gane. Yaron ƙauye da Berom a ke masa magana a gida. Idan malamin da aka turo ba ya jin Berom, yaron nan sai ya hau tsani biyu, watau Hausa tukuna, sa'an nan Turanci. Wanda ya gwada su a aji biyu ya ce na ƙauye daƙiƙi ne, a ganina ya zalunce shi.

Sai kuma a buɗe rajista, don ita ba ta ɓoye kome. A ƙauye za ka ga suna ya yi ta fashi lokacin girbin acca da tonon dankali, ko in an tafi wankin kuza. A gari talla ce ke cin safiyar yara, musamman mata. Gari kuma yana da tasa cutar, cunkoso. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. Mai awo ya ƙirga kawuna da kansa, kada ya tsaya ga fentin bango.

Awon da ya fi gaskiya shi ne a gwada kowane aji sau biyu. Farkon shekara a ba kowane yaro layi biyar ya karanta, da ɗan lissafi, a rubuta inda ya tsaya. Ƙarshen shekara a sāke. Makarantar da ta karɓi yaro bai san baƙi ba, ta mai da shi yana karanta wa uwarsa wasiƙa, ita ce ta yi aiki, ko da yaranta biyu kaɗai suka shiga sakandare.